Dole Sai da Ulu Ake Saƙar Darduma da Ƙugiya? Amsa Kan Karammiski, Auduga da Lilin

"Assalamu alaikum Anti. Na ga hoton 'yar dardumar da kika saƙa da ƙugiya, irin wadda ake jawo ƙyalle ta idon buhu, har na sa aka yi wa kwarashina mariƙin katako na fara gwadawa. Matsalata ita ce duk masu koyarwar da nake kallo da yadin ulu suke yi, mu kuwa a Kano ina zan ga ulu? Abin da nake da shi ragowar ɗinki ne: buhu guda na yankin atamfa da shadda daga wurin telata, da tsohuwar rigar karammiski ta marigayiya mahaifiyata, da wani farin lilin. Na gwada atamfar sai zare take fitarwa, karammiskin kuma zamewa yake yi. Ni ce ban iya ba, ko kuwa yadin ne ba ya yi? Ta ƙofar ɗaki nake son yi."

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan mama, ya sa ta huta.

Tambaya biyu kika haɗa wuri ɗaya. Ta farko, ko waɗannan yadudduka suna saƙuwa. Ta biyu, ko abin da aka saƙa da su zai jure taku a ƙofar ɗaki. Duk ukun, wato auduga da lilin da karammiski, suna saƙuwa, na kuma saƙa da kowannensu. Amma maganar ƙofar ɗaki, a nan ne zan ɗan ja ki baya, musamman a kan rigar mama. Zaren da atamfa take fitarwa da zamewar karammiski kuwa kada ki ɗora wa hannunki laifi. Halin yadin ke nan, kuma da zarar kin gane abin da ke riƙe da saƙar, ke da kanki za ki ga dalili.

Abin da ke riƙe da saƙar

Juya aikinki ki dubi bayansa. Babu ƙulli ko ɗaya. Hannun hagu yana ƙasan firam, wato katakon da ake ɗaure buhu a kai, riƙe da zirin yadi, ƙugiya ta shiga ta idon buhu daga sama, ta ɗauko zirin a lanƙwashe kamar kunnen jaka, ta sake shi, ta matsa gaba. Ni kunne nake ce wa wannan lanƙwasa, kuma haka zan riƙa kiranta a nan. Abu biyu ne kawai ke hana kunnen fita: zaren buhu da ya matse shi a wuya, da sauran kunnuwan da suka tokare shi ta kowane gefe. Ba gam, ba ɗinki. Da wannan ta bambanta da irin saƙar da ake ƙulla guntun zare a kan raga.

To, yadin da zai zauna lafiya a irin wannan wuri yana bukatar hali uku. Ya matsu lokacin wucewa ta ido sannan ya sake buɗewa a sama, ya kasance yana da ɗan kaushi da zai kama maƙwabcinsa, kuma bakinsa kada ya warware bayan an yanka. Ulu ya tara ukun. Silin gashin tunkiya a nannaɗe yake kamar sifirin, shi ya sa in kin matse shi yake dawowa. Jikinsa kuma yana da 'yan ɓawo ƙanana da ido ba ya gani. Idan aka wanke yadin ulu da ruwan zafi da sabulu, waɗannan ɓawon suna sarƙe juna, yadin ya ɗan tsuke ya yi kauri, har ki iya yanka ziri siriri kamar tsinken ashana bai tarwatse ba. Auduga ba ta da wannan sarƙewa, kuma in ta kwanta ta kwanta. Lilin ya fi ta taurin kai. Karammiski kuma santsi ne da shi. Kowanne akwai abin da ya rasa cikin ukun nan, aikinki shi ne ki cike masa gurbin da faɗin yanka da yadda kike ja.

Ulu daga baya ya zama doka

A Halifax na koyi wannan aiki, a lardin Nova Scotia da ke gabashin Kanada, wurin wasu dattijai mata da suke haɗuwa duk ranar Talata, kowacce da firam ɗinta a cinya da butar shayi a gefe. Ranar da na fara zuwa da yankin atamfa, wata daga cikinsu ta juya shi a hannu ta yi shiru, irin shirun da ya fi magana. Wadda ta fi su tsufa ce ta karɓa, ta ce kakarta da tsohon wandon miji da rigar barci take saƙa tata, ba ta taɓa sayen yadi don darduma ba.

Gaskiya ta faɗa. Sana'ar talakawa ce. Ta yaɗu a gabashin Kanada da arewa maso gabashin Amurka daga tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da buhun algarara ya wadata. Ana noma zaren buhun a Bengal, yankin Indiya da Bangladesh na yau, a kai shi masaƙun Dundee a Sikotlan, buhunan su zo da abinci da kayan masarufi, matan ƙauye su farke su su shimfiɗa a firam. (Shukar da ake wannan buhu da ita 'yar gidan lalo ce, wannan dai lalon na miya.) Duk tufar da ta mutu sai a yayyanka ta. A arewacin Ingila ma, gidajen masu haƙar kwal haka suke yin tasu da tsummokara. Wajen 1870 wani mai tallan kwanukan gwangwani a jihar Maine ta Amurka, Edward Sands Frost, ya fara sayar da buhu da zane a buge a jiki, mace ta saya ta cike da abin da take da shi.

Misalin da na fi so shi ne na Newfoundland da Labrador, wanda yau lardi ne a gabashin Kanada. Likita Wilfred Grenfell ya isa yankin a 1892, daga baya ƙungiyarsa ta mai da saƙar darduma hanyar samun kuɗi ga matan masunta. Da yadin auduga mai laushi suka yi ta aiki, har da zaren buhu da aka warware aka rina. Daga ƙarshen shekarun 1920 kuma sai suka koma tsofaffin safar siliki ta mata, waɗanda ake tarawa daga biranen Amurka da Kanada da Ingila ana aika musu. Yau waɗannan dardumomin safa suna cikin waɗanda masu tara kayan tarihi suka fi nema. Ki riƙe maganar safar nan, za ta yi mana amfani a gaba.

Ulu ya kankane wuri ne bayan sana'ar ta tashi daga bukata ta koma ado. Daga shekarun 1930 Pearl McGown a jihar Massachusetts ta Amurka ta yi ta yaɗa salon da ake yanka ulu siriri ƙwarai, a rina shi hawa-hawa daga duhu zuwa haske, a fitar da fure kamar an zana da buroshi. Ta horar da malamai, malaman suka horar da wasu. Irin wannan aikin kam sai ulu, babu gardama. Yawancin masu koyarwar da kike kallo jikokin wannan makaranta ne, ko sun sani ko ba su sani ba. Ma'aunin da suke ambata ma daga injin yankan ulu ya fito: lamba ɗaya kashi ɗaya ce cikin 32 na inci, wato lamba 3 kusan milimita 2 da rabi, lamba 8 rubu'in inci, kusan milimita 6. Ina zargin a nan kika faɗa rami, kin yanka atamfarki a faɗin da aka ƙayyade wa ulu.

Atamfa, shadda da sauran auduga

Atamfa saƙar tsaye da kwance ce, zaren ba su manne da juna ba. A ziri mai milimita 6 zaren tsaye kaɗan ne, duk jan da kika yi kuma sai na gefe sun zame. Kafin ki kai ƙarshen zirin ya zama gemu. Maganin farko shi ne faɗi. Ni daga milimita 12 nake farawa, in yadin marar nauyi ne in kai 15 ko 20. Ziri mai faɗi yana naɗe kansa biyu yayin da yake wucewa ta ido, bakin ya shige ciki, kunnen ya samu jikin da audugar ba ta da shi.

Na biyu, ki yaga, kada ki yanka. Ki ɗan tsaga bakin da almakashi sannan ki ja da hannu, yagar za ta bi zare ɗaya tiryan-tiryan har ƙarshe. Almakashi kan karkace ya datse zaren tsaye a tsakiya, kuma waɗannan datsattsun su ne ke fitowa daga baya. Bayan kin yaga, ki zare sili biyu ko uku na kowane gefe da ke lilo, ki jefar. Sauran za su zauna. Akwai masu yanka a karkace, daga kusurwa zuwa kusurwa, don ta haka dogon zare ba ya fita sai ɗan gashi-gashi a baki. Yana yi, amma zirin yana miƙewa ya sirance, mai ƙaramin faɗi ma yakan tsinke a hannu. Da guntayen tela kuwa ba kullum ake samun tsawon da zai isa yankan karkace ba.

Kafin duk wannan ki wanke yadin, ki wanke shi da kyau. Sitacin da ke jikin sabuwar atamfa yana sa ta tsaya ƙyam kamar takarda, ki ɗauka kunnuwan sun cika wuri, ranar da ruwa ya taɓa su sai su saki ki ga buhu yana leƙowa. Wankin kuma zai tona wadda ke zuba. Ja da baƙi da shuɗi mai duhu ki jiƙa su daban ki ga ruwan.

Wani abin da ba a faɗa wa mai farawa: zanen atamfa ba ya tsira. Furen da ya kai tafin hannu, in an yaga shi ziri-ziri, ɗigo-ɗigon launi kawai zai koma. Wannan ba asara ba ce, ni ma saboda shi nake son atamfa, don tana ba da ƙasa mai rai wadda yadi mai launi ɗaya ba ya bayarwa. Sai dai ki zaɓa da idon launi, ki manta da fure. Ki yi nesa da yadin ki runtse ido kaɗan, launin da ya rinjaya shi za ki samu. Ki kuma duba bayansa. Atamfar da rininta ya ratsa fuska biyu ita ce ta aikinmu. Mai araha da aka buga a fuska ɗaya, bayanta fari-fari ne, kuma duk inda zirin ya murɗe farin zai bayyana.

Shadda ban cika sonta a wannan aiki ba. Saƙarta a matse take, tana gajiyar da wuyan hannu, kuma ƙyallin da aka saye ta dominsa yana tafiya da wanki. Tsohuwa da ta sha wanki ta yi laushi, wannan kam a kawo. Duk lokacin da kike aiki da auduga ki nemi ƙugiya mai kaurin wuya, ki tura ta har wuyan ya buɗe idon buhu sosai kafin ki jawo. Ulu yana lallaɓawa ya wuce ta ƙaramin ido, auduga kokawa za ta yi da ke, kuma kafaɗarki ce za ta biya.

Yanzu mu koma kan safar Labrador. Abin da ya sa ta yi kyau shi ne saƙar miƙewa ce, irin ta singileti, wadda zare ɗaya ke sarƙe kansa. Irin wannan saƙa ba ta fitar da zare, kuma tana da ɗan dawowa irin na ulu ko da da auduga aka yi ta. Saboda haka audugar da ta fi dacewa da ke ba ta cikin buhun telarki, tana cikin kayan da yara suka gama da su da kuma tarin gwanjo: rigunan tishat. Ki yanka su a kwance, faɗin santimita 2, ki kama baki biyu ki ja. Zirin zai naɗe kansa ya zama kamar igiya, ba baki a waje sam. Yana ja da daɗi, yana tsayawa, yana wankuwa.

Lilin

Wannan ba zan daɗe a kansa ba. Lilin na gaske daga ɓawon karan wata shuka ake samunsa, wadda aka fi nomawa a arewacin Faransa da Beljiyam. Zarensa yana da ƙarfi amma ba ya miƙewa, shi ya sa rigar lilin take yamutsewa da zama ɗaya. A saƙa, kunnensa yana karyewa a sama ya yi kaifi maimakon ya yi zagaye, kuma ya fi atamfa fitar da zare. Kyansa yana cikin wannan kaushin. Na yi sararin sama da bangon gida da shi a hotunan bango, yana ba da wani haske marar ƙyalli da ulu ba ya bayarwa. Ki wanke shi sau biyu ko uku har ya saki, ki yaga da faɗi, ki bar gemun ya zama ado. In farin ya yi miki yawa, lilin da auduga duka suna karɓar baba, ki kai marina a tsoma miki hawa uku, mai haske da matsakaici da mai duhu, sannan ki ɗauraye har ruwa ya fita fari don kada shuni ya bi ƙafar mutane.

Amma fara tabbatarwa lilin ne. Da yawa daga abin da ake kira lilin a kasuwa gauraye ne da zaren roba. Ki yanki ɗan ƙyalle ki riƙe da hantsaki ki kusanta shi da ashana a waje. Auduga da lilin suna ci da wuta, su yi ƙaurin takarda, su bar toka mai laushi. Ulu yana ƙaurin babbakar kan rago, ya bar baƙin gawayi da ke murmushewa a yatsa. Na roba narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri.

Rigar mama

Karammiski yadi ne mai hawa biyu: akwai saƙar ƙasa, akwai kuma ƙarin zare da aka saƙa a ciki aka yanke kansa ya tsaya kamar gashi. Kowane silin gashin lanƙwashe yake kawai a jikin saƙar ƙasa. In kin yanka yadin, duk gashin da ke bakin yankan ya rasa mariƙi, shi ne wannan garin da ke cika miki cinya. Santsin kuma daga gashin ne da irin zaren, wanda sau da yawa siliki ne na kanti ko roba. Kina jawo sabon kunne, na baya yana bin ƙugiya yana nutsewa.

Fara da jan rigar a kwance. In ta miƙe ta dawo, kin yi sa'a, karammiski ne mai saƙar miƙewa, kuma kusan kamar tishat za ki bi da shi, ya naɗe kansa gashi a waje. In ba ta miƙe ba, saƙar tsaye da kwance ce, sai haƙuri. Ki yanka da almakashi mai kaifi ta baya, inda kike ganin layin zare, ki bi tsawon yadin, faɗin milimita 12 zuwa 15. Shi ba a yaga shi, yaga tana tsige gashin. Ki fita tsakar gida ki kakkaɓe ziraran sosai, garin da zai zuba ya zube a can. Wanda aka yi don kujera, mai gam a bayansa, kada ma ki wahalar da kanki.

Wurin ja, yatsun hagu su ne masu aiki. Ki riƙe zirin a ninke, gashi a waje, ki miƙa wa ƙugiya shi a shimfiɗe kowane ja, kada ki bari ya murɗe. Idan kin ɗauko kunne, ki karkata ƙugiyar baya wajen wanda kika gama, kamar za ki kwantar da sabon a kan tsohon. Ta haka zirin yake zuwa daga sakakken ɓangaren da ke hannunki, ba daga kunnen baya ba. Wannan ɗan karkatawar shi kaɗai yakan kashe rabin zamewar. Ki ja shi ya ɗan fi maƙwabtansa tsayi, don zai zauna. Abin da ya fi duka kuma, kada ki bar shi shi kaɗai. Ki fara kewaye wurin da layi ɗaya ko biyu na yadi mai kamu, tishat ko ulu, sannan ki cika tsakiya da karammiski, ya zama yana da bango ta kowane gefe.

Na koyi wannan da tsada. Na taɓa yin fuskar filon kujera, bakinta gaba ɗaya jan karammiski, layi huɗu, babu abin da ya tokare shi ta waje. Na bar shi a firam na shiga kicin. Ɗana yana da shekara uku lokacin, ya ga jan wutsiya tana lilo a ƙasan firam, ya kama ya yi tafiyarsa da ita. Ina fitowa na tarar da shi a bakin ƙofa yana dariya, ziri a hannu ya yi lanƙwasa-lanƙwasa kamar taliyar yara, buhu kuma fayau, idanunsa a buɗe suna kallona. Aikin yamma biyu ya tafi kafin ruwan shayi ya tafasa. Ulu ma zai fita in an ja shi, amma sai an yi da gaske. Tun ranar ba na barin wutsiya a ƙasa, duk bakin ziri sama nake fito da shi in datse daidai da kunnuwa.

Akwai wani abin daɗi da karammiski kaɗai ke yi. Shafa shi sama, shafa shi ƙasa, za ki ga launin ya canja, domin gashin yana da inda ya kwanta. Ziri ɗaya in kin juya kansa, kin samu launi biyu, mai duhu da mai haske, ba tare da rini ba. In kina son wuri ya fito bai ɗaya, ki jera ziraran kai ɗaya tun wurin yanka. In kuma fure ne kike son gefensa ɗaya ya yi inuwa, ki juya rabi.

Sai dai gashin nan in ƙafa ta danne shi ba ya tashi, kuma ba abin da ya kai shi tara ƙura. Ki tuna yadda ƙofar ɗaki take a watan hunturu, ga takalmi, ga ruwan alwala. Wata uku ya isa ya mai da shi kamar tsohuwar fata. Da rigar kasuwa ce sai in ce gwada ki gani. Ta mama ce, ba a samun ta biyu. Ki yi abin bango da ita, ko fuskar filo, ki sa ta a tsakiyar zane inda ido zai fara sauka. Hannun riga ɗaya ma zai ishe ki, sauran ki ninke ki ajiye.

Buhun da za ki saƙa a kai

Rabin zamewar da mutane ke kuka da ita daga yadin ƙasa take. Buhun leda irin na shinkafa da taki bai dace ba, zarensa santsi ne kuma yana gocewa. Algarara ake so. Ki ɗaga shi a rana ki duba, in kin ga inda zare ya sirance ko ya tsinke, ko tabon ruwa, ki bar shi. Rauninsa shi ne danshi da rana suna sa shi ya bushe ya riƙa karyewa, gara ma tana cinsa, kuma ranar da ya fashe duk abin da ke kansa ya tafi. Saboda wannan ne masu sana'ar a Kanada da Amurka suka koma wa wani lilin mai buɗaɗɗen ido da ake saƙawa musamman don darduma. Farin lilin ɗinki ba zai maye gurbinsa ba in na ɗinkin riga ne, idonsa ya yi ƙanƙanta.

Ki ɗaure buhun a firam ya yi tauri kamar fatar ganga. Ki bar tazarar santimita 8 zuwa 10 a kewayen zane, ki bi bakin da keken ɗinki don kada ya warware. Kuma kada ki cika kowane ido. Da ziri mai faɗi ana tsallake ido biyu ko uku, kunnuwa su taɓa juna kawai. Mai tsoron zamewa yakan cusa su da yawa, sai dardumar ta kumbura ta ƙi kwanciya, ta zama kamar an kife ƙwarya, zaren buhun kuma ya wahala.

Ta ƙofar ɗaki

Ga yadda zan yi da ni ce ke. Jikin dardumar, wato ƙasa da baki, tishat. Ado a ciki, atamfa mai faɗi da aka wanke. Zane manya-manya, murabba'i ko dagi ko layi-layi, domin ziri mai faɗi ba ya fitar da ƙananan abubuwa. In kin shiga Kofar Wambai wurin 'yan gwanjo, ki leƙa tarin kwat da siket masu nauyi da tsofaffin barguna, ana dacewa da ulu na gaske a ciki, kuma tunda zafi ya hana mutane sayensu ba su cika tsada ba. Ki karanta 'yar takardar wuya, ki tabbatar da ashana in kin koma gida, ki farke, ki wanke da ruwan zafi. Kwat ɗaya ya isa ya yi miki baki da layukan da ke raba launi, wuraren da suka fi shan taku. Sai ki kula da asu in za ki ajiye shi.

Yadi yana tafiya fiye da yadda ake zato. Abin da aka saba shi ne a ninka yadin sau huɗu a ɗora a kan wurin da za a cike, in ya rufe to zai isa. Da siririyar atamfa da ake yankawa da faɗi, ni biyar ko shida nake lissafawa. Ki tanadi launin ƙasa tun farko, don in ya ƙare a tsakiya ba lallai ki sake samun irinsa a wurin tela ba.

Idan kin gama, ki kife ta a kan tawul, ki ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle a bayanta, ki danna dutsen guga ki ɗaga, ba gogawa ba, sannan ki bar ta ta bushe a shimfiɗe. Wurin da karammiski yake tururi kawai za ki nuna masa daga nesa. Ki ninke bakin buhu ki ɗinke da hannu. Za a ba ki shawarar shafa gam a baya don kada ta zare, kada ki karɓa. Gam yana tauri ya farfashe, yana riƙe danshi a jikin buhu, kuma ya hana ki gyara, alhali daɗin wannan saƙa shi ne duk inda ya lalace ana zare shi a sake. Wurin tsabta kuma kakkaɓewa a hankali da tsintsiya mai laushi, ban da bugu da sanda.

Kada in yi miki alƙawarin da ya fi ƙarfina. Na ga dardumar ulu da ta girme ni tana nan a ƙasa ana takawa. Tawa ta tishat da atamfa da ta fi daɗewa shekararta shida a bakin kicin, ta kwanta ta yi lebur, launinta ya ɗan kwashe, amma ba ta zare ba. Wannan shi ne iyakar abin da na gani da idona a kan auduga. Kuma yadinki ban taɓa shi da hannuna ba, alhali atamfa biyu masu kama ɗaya a hoto kan bambanta a ƙugiya. Don haka kafin ki zana babba, ki samu yankin buhu ɗaya ki saƙa murabba'i huɗu a kai, kowanne santimita 10: atamfa, shadda, lilin, tishat. Karammiskin ki gwada shi daban, da ɗan yankin da za ki cire daga cikin kalmasar rigar. Mai huɗun ki jefa shi a ƙofar da kike nufi ya yi sati biyu ana takawa, sannan ki wanke ki shanya a inuwa. Ki ɗauko mini hoton gaba da na baya, na bayan ma ya fi muhimmanci, a nan zan ga ko zirin yana murɗewa da kuma ido nawa kike tsallakewa.